Ranar da Akwati Ya Ɗauki Muryar Kabo

Alhamis, 11 ga Maris 1954, bayan la'asar

Malamin da ke koya mana yaƙi da jahilci ya ce duk mai son hannunsa ya faɗa da boko ya riƙa rubuta abin da ya gani. Wata biyu littafin nan na aljihuna, ban sa masa komai ba sai maiƙon nama. Yau dai na ga abin rubutawa. Ni ne Sada, mahauci a kasuwar Batsari.

Da hantsi, kasuwa ta fara cika, mota ta tsaya gindin tsamiya. Bature ɗaya ne da malaminsa, wani siririn Bahaushe mai suna Malam Armaya'u. Suka ce daga gidan rediyo suke, suna zagaya ƙasa suna ɗaukar kiɗa da waƙa. Suka sauke wani akwati mai faifai biyu a ka, zare na tafiya daga wannan zuwa wancan, da wani ƙarfe kamar ludayi wanda ake kai wa mutum bakinsa. Malam Armaya'u ya rubuta kwanan wata a jikin kwali, ya ɗaga ya nuna mana. Ya ce tun da aka kafa garin nan ba a taɓa ɗaukar muryar kowa ba sai yau, mu riƙe ranar.

Hamidu mai garaya na mafarautan Ruma shi ya fara. Da aka juya zare aka sako masa muryarsa, sai ya ce ƙarya ne, wannan muryar wani tsoho ce. Kasuwa ta kwashe da dariya. Sai Ma'u Bafulatani ya busa sarewa, har Baturen ya rufe ido. Kande da matan unguwarsu suka ce ba su fitowa tsakar kasuwa da shantu, don haka aka ja waya har bakin dangarsu, aka miƙa ludayin ta sama. Da suka ji kansu muka jiyo salati da gudu a cikin gida.

Sai aka ce ina makaɗin mahauta. Kabo ke nan, mijin yayata Atika. Shekara ashirin yana yi mana kalangu a kwata da rumfa. Ya gyara rataya, ya fara bin mu da take ɗai-ɗai, kowa ya ji nasa ya ɗaga wuƙa. Na ji nawa, na ɗaga. Wallahi a lokacin nan daɗi nake ji.

Daga nan ya juya kiɗa, ya ɗauko taken wani mutum. Ba zan rubuta sunansa ba. Shi ne babban dillalin shanu na kasuwar nan, duk mahaucin da ke yanka a hannunsa yake samun dabba. Ko yaron goye ya san takensa. Kabo ya kaɗa shi sau uku, sannan ya buɗe baki:

Shanun Gambo sun zo kasuwa,
Gambo bai zo ba.
A tambayi mai taken nan,
Ina ya bar makiyayi.

Gambo ɗan Fulani ne na wajen Babban Duhu. Mako biyar ke nan da ya kora shanunsa kiwo bakin daji, ba shi ba su. Uwarsa, Inna Asama'u, kowace Alhamis sai ta zo da ƙwaryar nono tana tambayar mutane. Tana wurin. Na ga ta sauke ƙwaryar a hankali.

Baturen bai ji komai ba, ya yi ta gyaɗa kai. Malam Armaya'u baƙo ne, bai san taken wa aka kaɗa ba. Ya juya zare ya sake shi da ƙarfi, har mutanen kara, inda ake cinikin shanu, suka ji. Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Mutumin na zaune kan buzunsa, ya saurara har ƙarshe, ya yi murmushi, ya aiko wa Kabo da goro.

Masu akwatin sun ce za a sa kiɗan Batsari a rediyo ranar Lahadi ta huɗu, bayan la'asar.

Mutum ɗaya ne ya gaya wa Kabo abin da ya sa a waƙar nan.

Juma'a, 12 ga Maris, da hantsi

Na je gidan su Kabo. Na tarar da shi a zaure yana shafa wa tsarkiyar kalangu mai, kamar ba abin da ya faru.

Na ce, "Kabo, ka kashe mu."

Ya ce, "Kai ɗan boko, wa ya ambaci sunanka?"

Na ce, "Ka rantse mini."

Ya ce, "Na rantse ba ni gaya wa mutum. Akwati na gaya wa."

Yana dariya. Tun da ya auri Yaya haka yake mini, komai wasa. Na ce ba lokacin wasa ba ne. Sai ya ajiye man ya dube ni, ya ce mako biyar tsohuwar nan tana wuce rumfarmu tana tambaya, kowa na sunkuyar da kai yana yankan nama, shi kuma yana kaɗa musu take. Ya ce abin ya tsaya masa a wuya, ko tuwo ba ya wucewa.

Yaya ta leƙo ta ce mu shigo mu sha kunu. Ba ta san komai ba. Na ce na ƙoshi.

Asabar, 13 ga Maris, azahar

Mutumin ya zo rumfata da kansa. Bai taɓa zuwa ba. Ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo, ina gajiya, ina iyali, yaya zafi, yaya Zuwairatu. Ban san ya san sunan matata ba. Na durƙusa ina amsawa, "Lafiya lau, ranka ya daɗe." Ya taɓa tozon da na rataye, ya ce nama ya yi kyau. Ya ce, "Sada, ka san abin da ya sa nake kiranka aikin asuba, ban kiran sauran? Don ba ka da surutu."

Na ce haka ne, ranka ya daɗe.

Ya tafi. Na yanke yatsana sau biyu kafin la'asar.

Litinin, 15 ga Maris, la'asar

Wasu mutum biyu sun wuni gindin ɗorawa suna kallon rumfata. Ba 'yan garin nan ba ne. Ba su sayi komai ba.

Talata, 16 ga Maris, da hantsi

An shiga zauren Kabo an tsaga fatar kalangunsa, baki biyun duka, an yanke tsarkiya. Ba a ɗauki komai ba. Ya zo rumfata da ƙwarangwal ɗin a hannu, a gaban mutane, ya ce in nemo masa fatar ɗan akuya mai laushi. Na ce ba ni da ita. Ina da ita. Mutanen nan biyu na gindin ɗorawa.

Da azahar na naɗe ta cikin tsumma na ba Zuwairatu ta kai wa Yaya ta ƙofar baya.

Alhamis, 18 ga Maris, bayan magariba

Kasuwa ba kiɗa. Manyan mahauta sun ce wa Kabo ya ɗan huta tukuna. Ban taɓa jin kwata shiru haka ba, sai ƙarar gatari da ƙudaje.

Inna Asama'u ta zo. Ta tsaya a gabana ta ce, "Ɗana, an ce kai ka iya lissafin kwanakin Nasara. Saura kwana nawa akwatin ya faɗi sunan Gambo?"

Na ce saura sha bakwai, Inna.

Ta ce an gaya mata abin da rediyo ya faɗa ana jin sa har Kano, har ƙasar Faransa da ke arewa da mu. In Gambo na raye zai ji uwarsa na nemansa. In kuma wani ya gan shi, zai zo ya faɗa. Na yanko mata tsoka na ce ta kai gida. Ta ce a'a, ta gode. Tun da shanunsa suka ɓace ba ta sa naman shanu na kasuwar nan a bakinta ba, don ba ta san wanda za ta tauna ba.

Na mayar da tsokar kan faranti. 

Juma'a, 19 ga Maris, bayan sallar asuba

Tun jiya abin ke dawo mini. Bari in rubuta kaɗan ko ya sake ni.

Asuba ce irin wannan. Ba kwata aka kira ni ba, bayan gidan Mutumin ne. Shanu huɗu, an riga an yanka, an yanke musu kunnuwa kafin in zo, wurin da makiyaya ke yin shaida. Amma akwai saniya mai karyayyen ƙahon hagu. Na san ta. Gambo ya taɓa gaya mini tun tana maraƙa ta karye shi a bakin rijiya, kuma ba ya sayar da ita ko za a ba shi Katsina.

Na feɗe su. Na wanke hannuna. Na dawo gida.

Abin da ke bayan rumbu ban gani ba. Ban duba wajen ba. Ban gani ba.

Asabar, 20 ga Maris, azahar

Kabo ya ɗaure kalangu ya yi sabo. An gayyace shi bikin wani mahauci a Ruma, kuma ya ce zai je. Na bi shi har bayan gari ina roƙonsa. Na ce hanyar tana bin gefen daji. Ya ce tun yana ɗaukar wa ubansa kurkutu, ƙaramar gangar nan, yake bin ta. Na ce to ya jira ayarin masu jakuna. Ya ce, "An hana ni kiɗa a garinmu, kai kuma ka hana ni a garin wasu? Me kake so in ci, littafinka?"

Ya ce gobe da azahar yana gida, in gaya wa Yaya ta yi masa dambu.

Mutanen gindin ɗorawa ba su zo ba yau.

Lahadi, 21 ga Maris, magariba

Bai dawo ba.

Litinin, 22 ga Maris, la'asar

Bai dawo ba. Yaya ta ce wataƙila biki ya yi daɗi. Dambun jiya na nan a rufe.

Talata, 23 ga Maris, magariba

Na je Ruma da ƙafa. Masu biki sun ce ya yi musu kiɗa har kowa ya ƙoshi, ya kama hanya ranar Lahadi da hantsi, shi kaɗai. Na tambaya ko ya yi waƙar nan a wurin. Suka dubi juna. Wani ya ce shi bai ji ba, hayaniya ta yi yawa.

A kan hanyar dawowa, inda turba ke shiga cikin kalgo, na ga makaɗinsa a ƙasa. Na san shi, Yaya ce ta naɗe masa mariƙin da jan zare. Akwai sawun mutane da yawa a wurin, sun nufi daji. Na tsaya. Na yi kira sau ɗaya, ba da ƙarfi ba. Wani abu ya motsa cikin ciyawa, na ruga. Ni da nake kayar da bijimi, na yi gudu har takalmina ya tsinke.

Na kai wa Yaya makaɗin. Ta juya shi a hannunta. Ita ta goya ni bayan rasuwar innarmu, ta san fuskata fiye da yadda na san ta.

Ta ce, "Sada, ranar da ya yi waƙar nan, daga ina ya samo ta? Kabo ba ya zuwa kara. Ba ya fiɗa."

Na ce ban sani ba, Yaya.

Ta ce, "Dube ni."

Ban iya ba.

Ta ce, "To tashi ka tafi gida."

Laraba, 24 ga Maris, bayan azahar

Mutumin ya aiko a kira ni. Na yi alwala kafin in tafi.

Ya sa aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, aka kawo fura. Ya ce ya ji labarin surukina, abin bai yi masa daɗi ba, dajin nan ya lalace. Ya ce yana da mutane da ke shiga ko'ina, zai iya sa su duba. Na ce Allah ya saka da alheri, ranka ya daɗe.

Sai ya ce akwai wata 'yar alfarma. Ya ji hannuna ya faɗa da boko. Yana son a rubuta wa malamin rediyon nan takarda, da sunana, a matsayina na ɗan'uwan matar Kabo. A ce Kabo ba shi da cikakken hankali, yakan yi sambatu, kuma iyalinsa na roƙon kada a sa waƙarsa don kada a kunyata su a duniya. Ga takarda, ga alƙalami, an riga an ajiye. Har adireshin yana da shi.

Na ce, "In na rubuta, za a gan shi?"

Ya ce, "Gani na Allah ne, Sada. Amma mai nema yana tare da samu."

Na rubuta. Na ɓata ta farko, aka ba ni wata. Ya sa na karanta masa sau biyu. Da na zo wurin ba shi da cikakken hankali na tsaya, ya ce in sha fura. Ya ce motar gyaɗa za ta tafi da ita Katsina yau ɗin nan.

Wannan ce wasiƙa ta farko da na taɓa rubutawa a rayuwata.

Alhamis, 25 ga Maris, la'asar

Na hango Inna Asama'u daga nesa da ƙwaryarta. Na bar rumfa na shiga bayan masu tukwane har ta wuce. An ce ta tambaya saura kwana nawa.

Juma'a, 26 ga Maris, bayan masallaci

Shiru. Na rubuta abin da aka ce in rubuta. Shiru.

In ya riga ya mutu tun ranar Lahadi fa? To na ce masa mahaukaci a banza ke nan, a takarda, da sunana a ƙasa.

Asabar, 27 ga Maris, azahar

Wani mai sayar da kanwa ya zo daga Safana. Ya ce jiya da safe masu itace sun tsinci mutum a bakin hanya, an kai shi gidan maɗori. Ya ce mutumin ya ce a gaya wa Atika ta Batsari.

Yana da rai. Alhamdu lillahi. Yana da rai.

Lahadi, 28 ga Maris, Safana, la'asar

Mun zo ni da Yaya a kan jakin aro. Ba ta yi mini magana ba duk hanya.

Yana kwance a ɗakin baƙi na maɗorin. Ya rame, leɓensa ya fashe. Hannunsa na dama an ɗaure shi da karare tun daga yatsu har gwiwar hannu. Maɗorin ya ja ni waje ya ce yatsu huɗu ne, kowanne a wuri biyu. Ya ce shekara talatin yana ɗori, ya san karayar faɗuwa, ya san wadda ba ita ba. Na tambaye shi ko hannun zai koma riƙe makaɗi. Ya ce zai riƙe cokali in Allah ya so.

Yaya ta tambayi Kabo me ya faru. Ya ce daga kan jaki ya faɗo. Ta ce ai ba da jaki ka tafi ba. Ya ce to daga kan itace ne. Ta ce ina kalangun. Ya juya fuska bango.

Da ta fita ɗebo ruwa na matsa kusa. Na ce, "Sun tambaye ka wanda ya gaya maka?"

Ya ce, "Kwana biyar suna tambaya."

Na jira.

Ya ce, "Na ce musu a mafarki na gani."

Ya so ya yi dariya, haƙarƙarinsa ya hana shi. Ban gaya masa maganar takarda ba.

Alhamis, 1 ga Afrilu, magariba

Mun dawo da shi jiya.

Yau a kara Mutumin ya ware mini bijimin da ya fi kowanne, a gaban kowa. Mahauta suna yi mini barka. Ba kowa gindin ɗorawa. Zuwairatu ta ce to ai komai ya wuce, in ci abinci.

Ban san dalili ba, yanzu na fi jin tsoro. Ko an yi sallama a ƙofa sai na leƙa kafin in amsa.

Inna Asama'u ta ce saura uku, ko? Na ce saura uku.

Asabar, 3 ga Afrilu, azahar

Gobe. Wataƙila takardar ba ta isa ba. In ba ta isa ba za su sa, kuma ya ce ban yi aikina ba. In ta isa ba za su sa ba. Na rasa wanda nake roƙon Allah a kai.

Lahadi, 4 ga Afrilu, bayan magariba

An fito da rediyon ɗakin karatu aka ɗora kan tebur a waje. Ban taɓa ganin taro haka ba in ba idi ba. Mutanen Ruma sun zo, na Yasore sun zo, mata sun tsaya daga bayan danga. Inna Asama'u ta taho tun safe daga Babban Duhu, ba ƙwarya, ta sa wankakken zane. Aka ba ta wuri a gaba. Kabo ya ce sai an kawo shi, Yaya ta hana, ya ce ko da rarrafe. Na riƙo shi muka zauna a gefe. Mutumin na can kan kujera.

Akwatin ya yi ta shaƙuwa, sannan muryar Malam Armaya'u ta fito tar. Ya ce ga abin da suka ɗauko a Batsari ranar sha ɗaya ga Maris. Da aka ji sunan garin mata suka rangaɗa guɗa. Garayar Hamidu ta fito, aka yi ta dukan kafaɗarsa. Sarewar Ma'u ta fito. Shantun su Kande ya fito, har da salatin da suka yi a ƙarshe, mutane suka yi ta dariya.

Sai Malam Armaya'u ya ce a nan suka kawo ƙarshen kiɗan Batsari, mako mai zuwa sai na wani gari.

Ba wanda ya tashi. Aka yi ta jira ko akwai saura. Wani kiɗa ya shigo wanda ba namu ba. Mai kula da rediyon ya murɗa ya kashe.

Inna Asama'u ta ce, "Ba su gama ba. Ku buɗe, ba su faɗi Gambo ba." Aka ce mata sun gama, Inna. Ta ce a'a, da kunnenta ta ji an sa shi cikin akwati, ina ya tafi?  Mutane suka fara zamewa.

Mutumin ya biyo ta gabanmu, ya yi wa Kabo sannu da jiki, ya dafa kafaɗata ya wuce. Dafawar nan kawai. Kabo ya bi hannun da kallo, sannan ya dube ni. Ya daɗe yana dubana.

Ya ce, "Ashe boko na da amfani."

Na ce don a sake ka na rubuta musu. Ya ce ya sani. Ya ce da shi ne ma wataƙila haka zai yi. Sai ya ɗaga ɗaurarren hannun ya ce, "Amma da ka gaya mini tun a Safana, da na daina lissafa kwanaki. Ina cewa ko ba komai na saya wa tsohuwar nan wani abu da wannan."

Ya ƙi in riƙe shi. Yaya ce ta kai shi gida.

Litinin, 5 ga Afrilu, da hantsi

Ban fita kasuwa ba.

Talata, 6 ga Afrilu, la'asar

Na je Babban Duhu. Ban gaya wa kowa ba. Na yi ta waiwaye a hanya, kowane kututture mutum ne.

Na same ta a ƙofar bukkarta, ba saniya ko ɗaya a turke. Ta shimfiɗa mini fata, ta ba ni ruwa. Muka gaisa. Na rasa ta inda zan fara, sai na ce, "Inna, saniyar nan mai karyayyen ƙaho, ni na feɗe ta."

Ba ta motsa ba. Ta ce ta daɗe da sanin an yanka su, tun ranar da ta ga mahauta na kauce wa idonta.

Ta ce, "Ɗana, ban tambaye ka saniya ba."

Na gaya mata. Abin da ban gaya wa Kabo ba, abin da ban rubuta a nan ba, na gaya mata. Malafar Gambo da sandarsa, da rigarsa, da yadda rigar take, da sabuwar ƙasar da aka tona aka mayar a bayan rumbu. Ta tambaye ni launin rigar. Na faɗa. Ta ce ita ta rina ta.

Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta shiga bukka ta daɗe. Da ta fito ta ce ita mace ce, tsohuwa, baƙuwa a kasuwarmu, in ta faɗa za a ce ruɗewa ce. Ta ce, "Za ka faɗa a gaban alƙali yadda ka faɗa mini?"

Na ce ina da mata, Inna. Na ce kin ga hannun Kabo.

Ta ce ta gani. Ta ce ba ta tilasta ni. Ranar Alhamis da sassafe za ta biyo ta ƙofar gidana ta wuce Safana, can ne ƙasarsu, can za ta kai ƙara. In na fito, to. In ban fito ba, ba za ta buga ƙofa ba.

Laraba, 7 ga Afrilu, azahar

Na tura Zuwairatu gidansu a Yasore, na ce ta gaida tsofaffi ta kwana biyu. Ta dube ni, ta ɗaura kayanta, har da tukunyar da ba ta tafiya da ita.

La'asar

Na je wurin Yaya na gaya mata duka, tun daga asubar nan har takarda. Ta saurara tana tsince wake. Ta ce, "Da ka faɗa tun farko da miji na da hannu." Na ce haka ne. Ta ce, "In ka je, su za su zo nan." Na ce haka ne. Ta ce to me kake so in ce maka?

Kabo ya yi magana daga cikin ɗaki. Ya ce in zan je kada in bi ta kalgo, in bi hanyar mota, inda akwai mutane. Ya ce in alƙali ya nemi wanda aka karya, a zo a ɗauke shi, bakinsa ba a ɗaure yake ba.

Yaya ta jefar da waken ta shiga ɗaki. Na ji suna faɗa ƙasa-ƙasa. Da zan fita ta biyo ni zaure ta cusa mini ƙullin ƙuli-ƙuli a aljihu.

Magariba

Mutumin ya aiko a gaishe ni. An ce bai gan ni a kasuwa ba kwana uku, ko lafiya. Na ce zazzaɓi ne.

Ban yanke shawara ba. Wallahi ban yanke ba.

Alhamis, 8 ga Afrilu, bayan sallar asuba

Na yi salla, na kasa tuna ko raka'a biyu na yi, na sake.  Na sa riga na tuɓe, na sake sawa.

Yau kasuwa. Ana can ana kora shanu kara, ina jin kukansu. In rana ta fito Mutumin bai gan ni a kwata ba, zai tambaya. Kafin azahar zai san inda na nufa.

Na leƙa ta ramin ƙyaure. Inna Asama'u ta iso. Ba ta buga ba, kamar yadda ta ce. Tana tsaye a bakin hanya da sanda, ta ba gidan baya, tana gyara ɗaurin zanenta.

 Ta fara tafiya.

Bari in sa takalmi.